Tsohon motel na bakin hanya: ta ina ake fara gyaransa in za a mai da shi masaukin baƙi?

MaiNemanSani:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga maginanmu ce da masu harkar masauki. A tsofaffin hanyoyin Amurka, musamman Route 66, akwai ƙananan masaukan bakin titi da ake kira motel, da yawansu sun zama kango. A ce mutum ya samu irin wannan a jihar Niyu Meksiko: ɗakuna 12 sun zagaye fili ta gefe uku, kowane ɗaki da ɗan garejinsa, ofis a gaba, ga dogon allon talla mai fitilar niyon da ta daɗe da mutuwa. Ginin 1946 ne, ya shekara takwas a rufe. Ana so a mai da shi ƙananan gidajen baƙi masu kamannin garin, ba irin otal ɗin nan da duk inda ka je ɗaki iri ɗaya ne ba. Ni a ganina a fara da fenti da allon, masu wucewa su ga wuri ya farfaɗo, kuɗi su fara shigowa, sauran gyara ya biyo baya. Ko na kauce?

TsohonMagini:
Wa alaikumus salam. Ka kauce ɗan'uwa, amma kaucewar da kusan kowa yake yi ce. Fenti shi ne na ƙarshe. In ka shafe bango yau, gobe mai aikin famfo zai fasa shi, jibi mai wayarin ya sake fasawa. Jerin aikin shi ne takardu, sai abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sai rufi, sai ruwa da wuta, sannan abin da ido yake gani. Abu ɗaya kawai ake yi kafin komai: a hau sama a toshe duk inda yake yoyo ko da da tamfol ne, don kowane ruwan sama da ya sauka yana ƙara maka kuɗin gyara.

UwarLissafi:
Kafin ma a hau rufi. Kalmar da ta fi tayar min da hankali a tambayar ita ce "ya shekara takwas a rufe". Yawancin irin waɗannan wurare sun girmi dokar tsara gari ta inda suke, an bar su suna aiki ne saboda an tarar da su. A garuruwa da yawa in wuri ya daina aiki na wata shida ko shekara guda, wannan alfarmar ta faɗi, sai an nemi sabon izini kamar yau aka fara. Sabon izini kuma yana zuwa da sababbin sharuɗɗa: yawan wurin ajiye mota, nisan gini daga titi, wani lokacin har bututun kashe gobara a silin. A je ofishin tsara gari a karɓi amsa a rubuce kafin a biya ko dala ɗaya. Maganar baki ta ma'aikaci ba hujja ba ce.

InjiniyanƘasa:
Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara da wani abu da yake kashe ciniki: tankin mai. Motel da yawa na wancan zamani suna da famfon sayar da fetur a gaban ofis. An cire famfon tuntuni, tankin ƙarfe yana nan a binne, ya yi tsatsa ya zubar da abin cikinsa. Wanda ya mallaki filin shi zai iya tsintar kansa da alhakin tsabtacewa. Shi ya sa ake yin binciken muhalli na mataki na ɗaya kafin saye, bankuna da yawa ma ba sa ba da rance sai da shi. Alamomin da ake dubawa: wani dandamalin siminti mai tsawo a gaban ofis, murfin ƙarfe zagayayye a ƙasa, ko siririn bututu da ya miƙe a jikin bango ba a san aikinsa ba, wannan mashaƙar tanki ce. In an ga ɗaya, sai mataki na biyu, a haƙa a ɗebi ƙasa a kai gwaji.

Katafila_D9:
Duk wannan wahalar ta mece ce? A rushe a gina sabo mana. An huta da tsohon bututu, an huta da gara.

MaiZane:
@Katafila_D9 in ka rushe me ya rage maka? Fili a bakin hanyar da motoci suka ƙaurace wa. Ka tuna abin da ya kashe wuraren nan tun farko. An buɗe Route 66 a 1926, daga Shikago har Kalifoniya, mil dubu biyu da ɗari huɗu da wani abu. A 1956 aka sa hannu a dokar gina manyan tagwayen hanyoyi zamanin Shugaba Eisenhower, suka riƙa zagaye garuruwa, manyan kamfanoni irin su Holiday Inn suka kafa otal a bakin mafitar sabuwar hanya. A 1985 aka soke Route 66 daga jerin hanyoyin tarayya baki ɗaya. To wanda barci kawai yake nema ba zai bar babbar hanya ya shigo gari ba. Wanda zai shigo, tsohon ginin ya kawo shi. Sabon gini a wannan wuri ba ya da abin sayarwa. Motel ɗin Coral Court da ke kusa da birnin St. Louis an rushe shi a 1995 aka yi gidaje a wurin, har yau masu bin hanyar suna jimami. Motel ɗin Blue Swallow na garin Tucumcari a Niyu Meksiko kuwa yana nan da garejinsa da niyon ɗinsa, mutane suna kama ɗaki tun kafin lokaci.

Katafila_D9:
Na ji. Amma akwai wanda ba ya gyaruwa, kar a ruɗi mutane.

TsohonMagini:
Akwai, ba musu. In harsashi ya nutse ta gefe guda har ƙofofi ba sa rufuwa a ɗakuna da yawa, ko katakon da bango ya zauna a kansa ya ruɓe zagaye, lissafi yana iya ƙin fita. Gwajin ba wuya: a ɗauki sukurdireba a soka a katakon ƙasa. In ta shige kamar cikin soso, ya tafi. A sa na'urar auna danshi, katako da ya haura kashi 20 cikin ɗari yana kan hanyar ruɓewa. A duba jikin harsashi ko akwai siririyar hanyar laka mai kaurin fensir tana hawa sama, wannan gara ce. Galibi abin da ke jawo duk wannan shi ne shekara da shekaru ana ƙara kwalta a fili har ƙasa ta fi dokin ƙofa tudu, ruwa ya koma yana gangarowa jikin gini. Ƙa'ida ita ce ƙasa ta sauka inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko daga bango.

Falamba77:
Bari in shigo da nawa, don a nan kuɗin suke tafiya. Ginin 1946 bututun ruwan shansa kusan tabbas ƙarfe ne mai rufin zinki. Irinsa daga ciki yake tsatsa, ramin ya yi ta tsukewa har ya koma kamar na biro. Daga waje lafiya lau za ka gan shi. Ka buɗe famfo ɗaya ruwa ya zo, ka buɗe uku a tare ya koma ɗigo. Kada a yi masa faci, a cire duka a sa bututun roba na PEX ko na tagulla. Kuma kada a haɗa tagulla da tsohon ƙarfen kai tsaye, ƙarfe biyu mabambanta in suka haɗu a cikin ruwa ɗaya yana cin ɗaya, mahaɗar za ta ɓule.

Na ƙazanta ya fi wannan muni. A zura kyamara tun daga ɗaki na ƙarshe har inda ya haɗu da na gari. Abu uku ake gamuwa da su: na yumɓu da saiwar bishiya ta shiga ta mahaɗa, na baƙin ƙarfe da gindinsa ya cinye, ko wanda ake kira Orangeburg, wato niƙaƙƙen katako da aka matse da kwalta, an yi yayinsa daga shekarun 1940 zuwa farkon 1970. Shi wannan lanƙwashewa yake yi ya baje, ba ya da magani sai tono. Sabon layi a ba shi gangara rubu'in inci a kowace ƙafa, a sa wurin buɗewa don yashewa a kowace kwana. In bene siminti ne sai an yanka shi, shi ya sa muke cewa kada a sa tayil tukuna.

Ruwan zafi kuma a lissafa shi da safiya, ba da tsakar rana ba. Shawa tana zubar da galan 2.5 a minti, wankan minti goma galan 25 ke nan, ɗaki 12 in suka tashi a sa'a ɗaya galan 300. A ajiye tanki a digiri 60 na Salshiyas saboda ƙwayar cutar Legionella da ke son ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya daɗe a tsaye, sannan a sa bawul mai gaurayawa ya sauke shi zuwa 49 kafin ya isa famfo, kada baƙo ya ƙone.

InjiniyanƘasa:
Ƙari a kan na Malam Falamba, in wurin yana bayan gari ne ba ya kan layin ruwan gwamnati. Rijiyar burtsatse da take shayar da mutum 25 a rana na kwana 60 a shekara, dokar tarayya tana ɗaukarta a matsayin ruwan jama'a, dole a riƙa gwaji ana kai rahoto. Ɗaki 12 da mutum bibbiyu da ma'aikata, ka ga an kai. Sokawe ma hukumar lafiya ta yankin ce za ta ce ɗaki nawa zai ɗauka, bayan an gwada yadda ƙasar take shan ruwa.

MaiNemanSani:
Tirƙashi. Ni da nake maganar fenti. To wutar fa?

InjiniyaWuta:
Wutar a ɗauka babu ita, a fara daga mita. Ɗakin 1946 an yi masa waya ne don ƙwan fitila biyu da rediyo. Soket mai ido biyu, babu wayar ƙasa, rigar wayar ta yadi ce ko roba da ta bushe, kana taɓawa tana marmashewa. In an taɓa yi wa wurin ƙari tsakanin 1965 da 1973 a duba ko wayar alminiyon ce, tana saki a mahaɗa ta yi zafi, gobara da yawa daga nan take tashi. Lissafi ɗaya ya isa ya nuna matsalar: na'urar busar da gashi mai wat 1,875 a kan bolt 120 tana jan amfiya kusan 16, ita kaɗai ta fi ƙarfin layi mai 15. Don haka banɗaki layinsa daban, amfiya 20, waya lamba 12, da soket mai yanke wuta da kansa in ta taɓa ruwa. Kowane gida a ba shi ƙaramin akwatin birekarsa, kada baƙon ɗaki na 3 ya kunna abu wuta ta ɗauke a na 7. A sa na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki, in akwai abin da ke aiki da gas a ƙara ta jin iskar kabon monoksaid. Tsofaffin hitocin gas na jikin bango a cire su kawai.

Sanyaya ɗaki kuma ina ba da shawarar esi mai raba biyu, wanda ramin inci uku ya ishe shi. Irin na otal da ake cusawa a ƙarƙashin taga yana buƙatar a fasa bango inci 42 da 16, ya ɓata fuskar gini, ga ƙara. Ɗaki mai murabba'in ƙafa 300, esi mai ƙarfin sanyi BTU 9,000 ya wadatar. Kada a ce bari a sa babba don a burge, babba yana sanyaya ɗaki cikin minti kaɗan ya tsaya bai tsotse danshi ba, sai ɗaki ya yi sanyi yana warin gumi.

Likitan_Gini:
Ku dakata da fasa bangon nan tukuna. Duk ginin da ya girmi 1978 a Amurka a ɗauka fentinsa yana da dalma sai gwaji ya nuna akasin haka, musamman a taga da ƙofa. Ba a goge shi a bushe, ba a ƙona shi da wuta. Ga kuma asbestos, wani sinadarin tsohon gini da ƙurarsa ke lalata huhu: tayil ɗin bene mai inci 9 da 9, baƙin gam ɗin da ke ƙarƙashinsa, farin abin da aka naɗe bututun zafi da shi, silin mai ƙuraje. Doka ta ce a yi bincike kafin a taɓa ginin kasuwanci, abin da ya wuce kashi 1 cikin ɗari ana lissafa shi mai asbestos ne. In tayil ɗin lafiyayye ne sau da yawa ya fi sauƙi a bar shi a shimfiɗa wani a kai. Amma inda Malam Falamba zai yanka bene, dole masu lasisi su fara cirewa.

ƊanBoko_22:
Ni abin da na ji shi ne in aka sa gini a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, shi ke nan ko ƙusa ba ka isa ka buga ba. Gara a guje mata.

UwarLissafi:
Ba haka ba ne ƙanena. Rajistar tarayya, wadda dokar 1966 ta kafa, ba ta hana mai gini yin abin da ya ga dama da kuɗinsa, har rushewa. Masu hanawa su ne dokokin gari, in garin ya ayyana wurin. Sharaɗi yana shigowa ne in ka nemi kuɗi ko rangwamen gwamnati. Rangwamen kuma ba ƙarami ba ne: kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran da ya cancanta ana cire maka daga haraji, ga ginin da ke kawo kuɗin shiga. Tun gyaran dokar haraji na 2017 ana karɓarsa ne a rarrabe cikin shekara biyar.

Misali don a gane, ba farashin wani wuri ba ne. Ka saya dala 300,000, fili 100,000, gini 200,000. Dole gyaranka ya haura darajar ginin, wato 200,000, cikin wata 24, ko wata 60 in an tsara aikin kashi-kashi tun farko. In ka kashe 600,000 a abin da ya cancanta, rangwamen 120,000 ne, 24,000 duk shekara. Kuɗin saye ba ya ciki, haka gadaje da kujeru, shuke-shuke, kwaltar fili da sabon ƙari. Takardar neman rangwamen kashi uku ce, tana bi ta ofishin adana tarihi na jiha zuwa hukumar tarayya ta National Park Service. Babban kuskure shi ne a fara aiki kafin a amince da kashi na biyu. Ka cire tagogi ka zubar, su ce tagogin nan su ne ginin, ka yi biyu babu. A ɗauki hoton kowane bango ciki da waje kafin a taɓa komai. In kuma ka sayar kafin shekara biyar za su karɓe wani kaso.

ƊanBoko_22:
Na gode Hajiya, na karɓi gyara.

MaiNiyon:
Tunda an ambaci allo tun a tambayar farko bari in kare @MaiNemanSani kaɗan. Ba a fara gyara shi ba, gaskiya ne, amma ana fara kare shi. Kada a sauke shi daga kan sandarsa sai an sami izini a rubuce cewa zai koma. Allunan nan sun fi abin da dokar yau ta yarda girma da tsawo da kusanci da titi, in ya sauka wani garin ba zai bari ya sake hawa ba.

Aikin kansa: a yanke wuta, a buɗe cikinsa a kwashe sheƙar tattabaru da kashinsu, a buɗe ramukan zubar ruwa na ƙasa. A duba gindin sanda daidai inda ta shiga siminti, nan tsatsa take ci. Kafin a cire ko gutsuren gilashi ɗaya a shimfiɗa takarda a zana kowace lanƙwasa, a sa lamba, domin mai lanƙwasa gilashi da wannan zanen zai yi aiki. Ko fasasshe ne kada a yar, shi zai nuna kauri da launi. Iskar niyon zalla ja mai ruwan lemo take bayarwa. Shuɗi daga iskar argon ne da ɗigon makuri, wato zaiba, sauran launuka daga hodar da aka shafa a cikin bututun ko gilashi mai launi. Masu makuri suna dusashewa in sanyi ya tsananta, ba lalacewa ba ce. Taransifoma tana kai bolt 15,000, a sa sababbi masu yanke wuta da kansu, da sabuwar wayar babban bolt. Tsofaffin taransifomomi da suka girmi 1979 suna iya ɗauke da sinadarin PCB mai guba, ba a jefa su a bola. In fuskar allon tangaran ce da aka gasa a kan ƙarfe, wanki kawai take so, kada a yi mata fenti.

Katafila_D9:
Ko a sa igiyar LED a huta. Ba ta fashewa, ba ta shan wuta, daga nesa wa zai gane?

MaiNiyon:
Wanda ya tuƙo mil ɗari biyar don ya ɗauki hotonsa zai gane. Niyon yana haske ta kowane gefe, yana zuba a jikin ƙarfen da ke bayansa, LED gaba kawai take jefawa. In ƙanƙara ake tsoro a sa raga ko garkuwa mai gani-har-hanji. LED ta yi aikinta a fitilun fili da na hanya.

InjiniyaWuta:
A nan ina tsakiya. Babban allo niyon na gaske. Layin da ya zagaye bakin rufin ɗakuna, inda tsani da babbar mota suke bugewa, ba zan ga laifin mai LED ba.

MaiZane:
Mu dawo kan "kamannin gari", don nan ne ake yin gyaran gangar auzinawa. Mutum ya cire tagar ƙarfe ta asali ya sa ta roba, ya toshe gareji, ya daidaita komai, sannan ya sayo lambobin mota na jabu da hotunan mawaƙa ya liƙa a bango ya ce tarihi. Kamannin suna jikin ginin: yadda ɗakuna suka fuskanci fili, garejin da ke tsakanin ɗaki da ɗaki, tayil ɗin banɗaki mai ruwan hoda ko kore da baƙin baki, kujerun ƙarfe biyu a bakin kowace ƙofa. Wagon Wheel na garin Cuba a Misuri da dutsen yankin Ozark aka gina shi. El Vado na Albuquerque, ginin 1937, salon gidajen Pueblo ne, wato 'yan asalin yankin, da aka sake buɗe shi a 2018 an mai da wasu ɗakunan gaba shaguna da wuraren abinci, filin mota ya zama dandalin zama. Kowanne da abin da ƙasarsa ta ba shi.

Garejin kuwa motar yau ba ta shigarsa cikin daɗi. Kada a toshe bakinsa da bulo. Ko a bar shi rumfar zama, ko a ja sabon bangon gilashi baya da ƙafa biyu zuwa uku, daga fili ido ya ci gaba da ganin gareji.

TsohonMagini:
Tunda Niyu Meksiko aka ce, a fara tabbatarwa ko bangon tubalin ƙasa ne. In shi ne, babban makashinsa filastar siminti. Siminti ba ya numfashi, ruwa ya shiga ta tsaga ko ya taso daga ƙasa ya rasa mafita, tubali ya narke a ɓoye, daga waje bango sumul. A bi shi da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa, inda ya yi ƙarar ganga ya rabu da jiki. A ɓare kaɗan-kaɗan, ba bango guda a rana ɗaya ba, a bar shi ya bushe, a cike da tubali irin nasa, a yaɓe da ƙasa ko farar ƙasa hawa uku. Rufin irin wannan gini shimfiɗaɗɗe ne, ruwa ta indararo yake fita. Wuyan indararon, inda ya ratsa bango, nan ne yoyo yake farawa, a naɗe shi da kyau, a sa dutse a inda ruwan yake faɗowa. In kuma dutse ne ko jan bulo, kada a wanke shi da yashi mai ƙarfin iska, ƙa'idojin gyaran ginin tarihi sun hana, yana cire fatar bulo.

Malama_Tarihi:
Gyara kaɗan ga masu neman launin asali a tsofaffin katunan gaisuwa. Katunan shekarun 1930 da 1940 hoton baƙi da fari ne aka yi wa launi a maɗaba'a, mai bugawa yana iya sa abin da ya ga dama. Suna da amfani wajen ganin siffar allo da inda bishiyoyi suke, launi kuwa sai an kankare fenti hawa-hawa a wani lungu da rana ba ta bugu. Sannan a bincika wa wurin yake karɓa a da. Kafin dokar 'yancin jama'a ta 1964 masaukai da yawa ba sa karɓar baƙar fata, shi ya sa Victor Green, ma'aikacin gidan waya, ya fara fitar da jagorar nan ta Green Book a 1936, mai nuna inda za su iya kwana. Ko wurin yana ciki ko ba ya ciki, labarin gaskiya a bangon ofis ya fi kayan ado. In za a sayar da kayan hannu a ofis a kula, dokar 1990 ta hana a ce kaya na 'yan asalin ƙasar ne alhali ba su suka yi ba. A saya daga hannun masu yi.

HajiyaMasauki:
Duk kun yi maganar gini, ba wanda ya yi maganar barci. Ɗakunan nan an yi su ne don gado mai faɗin inci 54. Na yau da baƙi suka saba da shi 60 ne da 80, babban kuma 76. A auna a bar aƙalla ƙafa biyu kowane gefe, in ba haka ba mai gyaran gado za ta sha wuya kullum. Ƙarar titi ta tsaga take shigowa, ba ta bango ba. A gyara tagar asali, a sake mata foti, a ƙara ta biyu daga ciki mai gilashi mai hawa biyu, a sa roba a bakin ƙofa. Bangon da ke tsakanin ɗaki biyu kada soket ya yi baya da baya da na maƙwabci, ta nan hira take ratsawa. Fankar banɗaki ta fitar da iska waje, ba cikin silin ba. Zanin gado da tawul saiti uku ga kowane gado: ɗaya a kai, ɗaya a wanki, ɗaya a kabad. Katifa a sa mata riga mai zif saboda kuɗin cizo.

Ga kuma dokar naƙasassu ta 1990. Masauki mai ɗaki 1 zuwa 25 dole ya sami aƙalla ɗaki ɗaya da keken guragu zai shiga: ƙofa inci 32 a buɗe, wurin juyawa inci 60, gangara kuma kowane inci ɗaya na tudu ƙafa ɗaya na tsawo. Ƙofar tsohon banɗaki sau da yawa inci 24 ce, don haka a zaɓi ɗakin da ya fi kusa da ofis a ci garejinsa a faɗaɗa banɗakin.

MaiNemanSani:
To ko a haɗe ɗakuna, 12 su koma gidaje 8 masu faɗi da ɗan kicin?

UwarLissafi:
Lissafa ka gani. Ɗaki 12 sau kwana 365, dare 4,380. A ce rabi ya cika, 2,190, a kan dala 120 misali, 262,800. Gida 8 kuwa dare 2,920 ne, rabinsa 1,460. Kafin ka kamo wancan kuɗin sai ka sayar da dare a kan 180. Tambayar ita ce garin yana da masu biyan 180? In masu kwana ɗaya su wuce ne, ɗaki 12 ya fi. In akwai abin da ke riƙe mutum kwana uku, gida 8 ya fi, wanki da shara ma sun ragu. Daga ciki a cire la'adar shafukan kama ɗaki, wajen kashi 15 ko fiye, da harajin kwana na gari, da inshora. A kuɗin gyara a ware kashi 15 zuwa 20 na abin da ba a gani ba sai an buɗe bango.

HajiyaMasauki:
Kicin ɗin nan a yi tunani. Da zarar an sa murhu, mai duba gobara da mai inshora sun canza magana, kuma baƙon da ya zauna ya haura kwana 30 a jihohi da yawa ya fara zama ɗan haya, fitar da shi sai kotu. Ƙaramin firji da abin dafa ruwa sun isa.

MaiZane:
In za a haɗe, a haɗe daga ciki. Ƙofofi 12 su ci gaba da zama a fuskar gini ko da huɗu ba sa buɗuwa. Masu duba takardar rangwame ma abin da za su fara kallo ke nan.

Falamba77:
Ni dai ko 8 ko 12, layin ƙazanta a tona shi gaba ɗaya a lokaci guda. Ana iya gama ɗaki huɗu a buɗe, sauran su biyo baya, amma ba a tona fili sau biyu baƙi suna kwance. A binne da bututun wayar intanet da na wutar cajin mota tun ramin yana buɗe, ko ba yanzu za a ja wayar ba.

Katafila_D9:
To ɗaki huɗun da za a fara da su, na gaba kusa da titi ko na can ciki? Ni na ce na gaba, don a gan su.

TsohonMagini:
Na kusa da inda layin ruwa da wuta suka shigo, ko ina suke. @InjiniyaWuta mita a irin ginin nan galibi bayan ofis take ko?

InjiniyaWuta:
Galibi, amma in kamfanin wuta zai kawo sabon layi mai ƙarfi su za su faɗi inda za ta zauna. A tambaye su tun yanzu, taransifomarsu tana iya ɗaukar watanni kafin ta iso.